Jiragen Baba da Shagon Gaban Gida

Babana sojan ruwa ne da ya yi ritaya ya zo ya zauna a Lugbe ta Abuja, inda babban ruwan da muke gani shi ne wanda 'yan garuwa ke turowa a kura. Makanike ne a aikin soja, injinan jirgin ruwa ya yi ta gyara har kansa ya yi furfura. Bai taɓa tuƙa jirgin sama ba. Sau ɗaya ya taɓa hawa, ya sauko yana cewa kunnensa ya toshe. Amma in ka leƙa shagon da ke gaban gidanmu, jiragen sama za ka gani suna lilo daga silin da zaren fatsa, wasu jere a kan kanta, duka na katako, duka sassaƙarsa.

Kuma ba kowane jirgi yake yi ba. Baba ba ruwansa da jirgin da ya yi suna. Nasa na Yaƙin Duniya na Biyu ne, irin waɗanda aka tsara su tashi daga kan jirgin ruwa su je su saki topido, wato wani dogon bam da ake jefawa a teku ya yi iyo da kansa har ya huda cikin jirgin abokan gaba. A cikinsu ma sai ya tsince waɗanda aka ƙera samfurinsu kawai, ɗaya ko biyu, aka gwada, aka ce an gode, ba a ƙara waiwayarsu ba. Wani nauyi ya yi masa yawa. Wani injinsa bai iso da wuri ba. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau, yaƙin ne ya ƙare ya bar shi a tsaye. Hotunansu ya samo a cikin tsofaffin mujallun Turawa da ya kwaso tun yana Legas, duk sun yi ja, wasu kyankyaso ya ɗanɗana gefensu.

"Waɗanda suka je yaƙi suna da masu yi musu kirari," in ji shi. "Waɗannan marayu ne."

"To marayunka sun cinye mini shago," in ji Mama.

Gaskiyarta ne. Da cinikin atamfarta aka gina shagon, don a sa ɗan haya. Baba ya ce a ara masa kafin ɗan hayar ya samu. Ɗan haya ya zo ya fi a ƙirga, kowa ya leƙa ya ga jirage ya yi sallama ya tafi.

Ni a lokacin na gama sakandare, sakamakona bai kai ni jami'a ba, ni kuma ban iya zaman jira ba. Farar hula sun karɓi mulki, wayar salula ta shigo, kuɗi ya ɓarke a Abuja. Duk wanda ya mallaki babbar riga da jakar hannu yana da kwangila, ko yana da yayan da ke da ita. Ni abin da na samu a cikin wannan arziki shi ne lema, teburin roba da wayoyi biyu a bakin titin filin jirgi, ana biyana a kira. Rana ta gasa ni, ruwa ya dake ni, manya su wuce da jiniya su bar mini hayaƙi. Wani lokaci masu kamen kayan bakin titi su diro, in naɗe lema in ruga kamar wadda ta sato ta. Shagon nan nake so. Da ƙofa, da inuwa, da wurin jona caja. Kowa a gidan ya sani, don ban ɓoye ba.

Wata Juma'a muna cin abincin rana Mama ta yanke hukunci.

"Malam, daga nan zuwa Babbar Sallah, in jiragen nan ba su shigo da komai gidan nan ba, a kwashe su a kai bayan gida, yarinya ta shiga."

"Na ji," in ji Baba, bai ko ɗago daga kwanonsa ba.

Tun daga ranar na fara auna shagon da ido: nan tebur, can benci, katin waya a jikin taga. Ban ji tausayin kowa ba. Wa zai sayi jirgin da ko masu shi ba su saya ba?

Ashe akwai. Tsohon ogan Baba na aikin soja yana zaune a Maitama, ya ajiye kaki ya zama babban ɗan kwangila, kuma Baba ne ke duba masa janareto in ya yi gardama. Wata rana yana dawowa daga filin jirgi ya ratso unguwarmu a wata jif da ta fi lungunmu faɗi. Ya shiga shagon da waya a kunne, ya ɗaga kai, ya tsaya.

"Kai! Kai ka yi waɗannan?"

"Ni ne, sa."

Ashe kamfanin jiragen sama zai buɗe. Za a yi bikin ƙaddamarwa kafin Babbar Sallah, yana neman abin da zai raba wa manyan baƙin babban teburi, ya gaji da agogon bango da faranti. Ya nuna mafi girma, wanda Baba ya fi so, mai faffaɗan fukafukai da dogon topido manne a ƙarƙashin cikinsa. Baba ya ƙame kamar ana faretin safe ya fara ba da tarihi: yadda aka ƙera guda biyu kacal, yadda aka tarar ya yi wa jiragen ruwan zamanin girma, yadda aka yanka su aka sayar da ƙarfen bayan yaƙi. Oga yana ta gyaɗa kai, amma da mutumin cikin waya yake.

"Talatin nake so," ya ce da ya kashe. "Iri ɗaya sak."

Ni ina bakin ƙofa, bakina bai iya shiru ba. "Yallaɓai, kamfanin jirage nawa gare shi?"

"Suna hanya, 'yata, suna hanya."

Ranar ko abinci ban ci da daɗi ba. Shago ya tafi ke nan, na ce, a kan mutumin da bai ma saurari abin da ya saya ba.

Sai dai na manta waye ubana. Baba ya sayo katako ya fara na biyu. Ya sassaƙa, ya goge, ya kanga a taga ya rufe ido ɗaya. Yana cikin yi ya sake duba hoton ya gano wutsiyar na farko ta ɗan gajarta. Ya gyara a na biyu. Da ya gama sai ya ga ba su yi daidai ba, ya tsaya tunanin wanne zai bi wanne. Na uku kuwa da fukafukai a naɗe ya fara shi, wai haka jirgin ke zama in an ajiye shi a kan jirgin ruwa. Azumi ya wuce, Ƙaramar Sallah ta wuce, jirage biyu da rabi, babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Mama ta same ni a kicin tana murmushi. "Ke dai zuba ido. Kada ki ce komai. Shagonki na nan tafe da ƙafarsa."

Shawara ce mai kyau, ga wadda Allah ya yi wa haƙuri. Ni kuwa ko zare na ga mutum yana laluben kafar allura sai na ƙwace na zura masa. Kullum na dawo daga titi in ji sanfefa, shuu, shuu, a kan fiffike ɗaya tun jiya. Kamar a cikin haƙorina ake gogawa.

"Baba, mutumin nan iri ɗaya ya ce."

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "su kansu da suka ƙera shi, na biyu bai zo daidai da na farko ba. Haka samfur yake. Kowanne gyaran na bayansa ne."

"Shi ya sa ba a saye shi ba."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Ba shi ya sa ba. Zauna in gaya miki abin da ya sa."

Ban zauna ba.

Abin da ya ƙarasa ni, Baba ba shi da waya, don haka a tawa Oga ke nemansa. Sai in aika a kira shi, ya zo da ƙurar katako a gemu ya tsaya a gaban teburina, 'yan acaɓa na zaune a kan baburansu suna sauraro. "Yes sa. Ana kai, sa. An kusa, sa." Dattijo da furfurarsa, ƙafafu a haɗe, yana zufa yana shara ƙarya a wayata. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya fara ce mini 'yar An Kusa Sa. Ranar da na ji sunan ya koma bakin mai shayi, na naɗe lema tun azahar na nufi gida.

Na shiga shagon, na kwance na farkon daga zarensa, na naɗe shi a tsohon zanen Mama. Baba na zaune yana kallona.

"Ina za ki da shi?"

"Wajen masu zubin tukwane."

"Tukwane!" Ya ajiye wuƙar sassaƙa. "Jirgin yaƙin?"

"In sun iya fitar da tukunya ɗari daga tukunya ɗaya, za su iya wannan."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kai ki gani. Abin da ya gagari Turawa da injiniyoyinsu, ke da lemarki."

Masu zubin suna can bayan kasuwa, inda hayaƙi ba ya yankewa. Gwangwanayen lemo da fistin ɗin mota da tsofaffin tukwane suke narkarwa a kan gawayi, ana juya wilin keke yana hura wutar. Aikinsu a yashi yake. A danna abu a cikin damshin yashi a akwati mai gida biyu, a buɗe a cire shi, siffarsa ta zauna, a rufe a kwarara narkakken alminiyum ta wata kafa. In ya huce a fasa yashin a ciro. Babbansu wani dattijo ne da wuta ta cinye masa gira. Ya juya jirgin sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Ban taɓa zuba jirgi ba, Hajiya. Amma duk abin da ya kwanta a yashi ya tashi lafiya, zai zubu. Farfelar nan dai a cire, mai gwangwani ya yanko muku. Fukafukan sun yi siriri, ƙarfe zai daskare kafin ya kai ƙarshe, sai an ba shi babbar hanya." Ya shafa topidon da babban yatsa. "Yauwa. Ta nan zan shayar da shi."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na tambaya shi ne yaushe zan dawo.

Da na dawo, saura kwana kaɗan bikin Oga, na tarar da su jere a kan tabarma suna ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. An goge su sumul, an kafa musu farfela, ba ka bambance wannan da wancan. Raina ya yi fari. Na lafta su a kwalayen taliya, na ɗauki shatar tasi har ƙofar gida, na dire a gaban Baba ina huci kamar ni na narka ƙarfen.

Ya ɗauki ɗaya. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya hura farfelar ta juya. Har na ga gefen bakinsa ya fara motsi. Sai ya kifa shi.

"Ina topidon?"

Cikin jirgin sumul kamar bayan cokali. Na zazzage kwalayen, duka haka suke. A ƙasan na ƙarshe na sami na katakon, yashi ya baƙanta fentinsa, fiffiken hagu ya tsage. Shi kaɗai ke da topidonsa. Baba ya karɓe shi da hannu biyu, ya kai kan kanta ya ajiye, ya juya mini baya. Da zagi ya yi da na fi jin daɗi, don ina da amsa.

Washegari da safe na koma bayan kasuwa da faɗana a baki. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ƙanensa, wanda shi ke yanka da guga a wata rumfa can gefe, bai taɓa ganin na katakon ba.

"Kai ka yanke abin ƙarƙashin nan?"

"Hanyar zubi? Na yanke mana. Ana barin ta ne?"

Nan na gane. Kowane zubi yana fitowa da wani sandan ƙarfe a jikinsa, sawun kafar da aka kwarara. Aikin ƙanen ke nan tun yana saurayi: duk inda ƙarfe ya shiga, a sa zarto, a bi da magagari. Tunda ta topido aka shayar, topido da sandan suka fito a haɗe, ya haɗa su ya yanke.

"To ina suke? A manna su."

Dattijon ya nuna mini wasu manyan ludaya da ke rataye a igiya, irin na rabon miya a gidan biki. "Ba a kwana da guntun ƙarfe a nan, Hajiya. Komawa wuta yake."

"A sake zubawa."

"A sake. Bayan Sallah. Yanzu kowa tukunyar suya yake jira."

Baba ya ce ba zai kai wa ogansa jirgin yaƙi tsirara ba, in je ni kaɗai tunda ni na iya. Mama ta ce ba da lemata aka yi alkawari ba, da shi aka yi. Ya sa kaftaninsa mai guga muka ɗauki tasi zuwa Maitama, kwalaye a but ɗin motar. A ƙofar gidan mai gadi ya sa muka jira a rana, ina kallon mai ban ruwan fulawa yana malalar da abin da zai ishi lungunmu wanki.

Da aka shigar da mu muka zauna, Oga ya fito falo da waya a kunne. Baba ya miƙe ya haɗe ƙafafu. A aikinsu, in ji shi, ɓarna ake fara faɗa kafin gaisuwa ta yi nisa, kada babba ya gano da kansa.

"Sa, akwai matsala. Jiragen sun zo babu makami."

Oga ya sauke wayar, karo na farko da na ga ya yi haka. "Wane makami?"

"Topido, sa. Na ƙarƙashin ciki."

"Da topido a jikin wanda na zaɓa?" Ya zaro ɗaya daga kwali ya kifa ya duba. "Subhanallahi! Ka ce da na tsaya gaban 'yan jarida ina raba wa manyan ƙasa jirgin fasinja da bam a cikinsa!" Ya fashe da dariya har yana riƙe kujera, ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ji. Sannan ya dafa kafaɗar Baba. "Kin ga tsohon soja, Hajiya? Ba sai an faɗa masa ba. Shi da kansa ya hango ya cire."

Na buɗe baki, Baba ya taka mini ƙafa.

"Na gode, sa," ya ce.

Aka kawo lemo mai sanyi, aka kawo ambulan mai kauri. Oga ya ce zai sa a rubuta sunan kamfani a jikin kowanne. An rubuta kuwa, na ga hoton bikin a jarida, manya na riƙe da jiragenmu suna murmushi. Su ne kaɗai jiragen da kamfanin ya taɓa mallaka. Na gasken suna hanya har aka sauke allon ofishin.

A tasi muna komawa, mun wuce ƙofar gari ke nan, Baba ya ce, yana kallon taga, "Tun da aka zana jirgin nan ba a taɓa ƙera talatin ɗinsa ba sai a hannun masu tukunya."

Na ɗauka yabo ne, na gyara zama.

"Amma na farko kika ɗauka. Wutsiyarsa gajera ce. Da kin tambaye ni da na ba ki na biyu."

A gida ya miƙa wa Mama ambulan ko buɗewa bai yi ba. Ta leƙa ciki, ta soke a lalitarta, ta dube shi ta dube ni.

"To, magana ta ƙare. Jirage sun kawo. Shago na Malam ne."

"Mama! Ni na ɗauka, ni na kai, ni na yi faɗan, ni na biya tasi!"

"Wa ya aike ki?"

"Da na bar shi da har yanzu yana kan fiffike ɗaya!"

"Da yanzu kina cikin shago kina shan fanka," in ji ta, ta tashi ta shiga ɗaki.

Na yi kwana biyu ba na gaida kowa da kyau. Ranar jajibirin Sallah na dawo daga titi, wani ruwan bazata ya yi mini duka, lemar na ɗiga a kafaɗata. Na tsaya a ƙofar shagon don in harare shi. Baba na ciki, ya ɗaure fiffiken da ya tsage da zare yana jiran gam ya kama, a gefensa kuma ya buɗe mujalla a kan wani sabon maraya mai ƙaton hanci. Ya ɗago ya ga yadda na jiƙe.

"Uwata, na yi tunani a kan maganar shagon nan. Kin yi ƙoƙari, ba a ce ba ki yi ba."

Na matso ciki.

"Na buga miki ƙusa a bayan ƙofa. In kin tashi aiki ki riƙa rataye lemarki a nan, ba sai kin shiga da ita gida tana jiƙa wa mamanki tsakar ɗaki ba. Ki dai kula kada ta taɓa na saman nan."

Na dubi ƙusar. Sabuwa ce, ya buga ta daidai tsayina, har ya lanƙwasa kanta don kada lemar ta zame.

"Ita ke nan?"

"Tana ɗaukar jaka ma."

Na rataye. Ina kuma zan kai ta, ruwa na zuba.